Ma'anar Cutarwa a Fannonin Ilimi: Darasi daga Gubar Dalma ta Zamfara

Tsakure

Wannan maƙala ta dubi yadda fannoni biyar, wato likitanci da shari'ar kotu da tattalin arziki da falsafar mulki da fiƙihu, suka sha bamban wajen iyakance abin da suke kira cutarwa, sa'an nan ta auna bambancin nasu a kan waƙi'a guda, annobar gubar dalma da ta bayyana a Jihar Zamfara a shekarar 2010. Matsayin da ta tsaya a kai shi ne, kowane fanni ya yanka ta'arifinsa daidai da tambayar da aka ɗora masa amsawa, kuma ɓarna takan auku ne idan aka ɗauki ta'arifin da aka yi domin hukunta mutum aka mayar da shi sharaɗin tashi a ceci mutane.

Gabatarwa

 

Babu wani fanni daga fannonin ilimin da suka shafi rayuwar ɗan Adam face ya yi da'awar cewa manufarsa ita ce kawar da cuta daga mutane, amma duk wanda ya zauna a majalisar da ta haɗa likita da alƙali da masanin tattalin arziki da malamin fiƙihu, aka ajiye musu mas'ala ɗaya, zai ga cewa tun kafin a kai ga maganar magani an riga an saɓa a kan ko akwai cuta, da wanda aka cuta, da ranar da cutar ta fara. Kowannensu yana awo da mudunsa, kuma mudun nan ba girmansu ɗaya ba. Domin kada magana ta tsaya a kan tunani tsagwaronsa, na zaɓi in ɗora ta a kan abin da ya faru a ƙasarmu, wanda shaidunsa suna raye.

Waƙi'ar

A watan Maris na shekarar 2010 ma'aikatan ƙungiyar likitoci ta MSF, waɗanda suka shiga karkarar Zamfara domin bibiyar cutar sanƙarau, suka tarar ƙananan yara suna mutuwa fiye da ƙima a wasu ƙauyukan ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum, irin su Dareta da Abare da 'Yargalma. Yaro yakan fara da amai da ciwon ciki, sai jijjiga ta biyo baya, a ba shi maganin zazzaɓin cizon sauro bai ji ba, har rai ya yi halinsa. Da aka gwada jinin yaran, sai aka sami dalma a cikinsa da yawan da likitoci ba su saba gani a jikin mai rai ba.

Asalin abin kuwa shi ne farashin zinariya, wanda yake ƙasa da dala 300 kowace oza a shekarar 2001, ya haura dala 1,000 kafin 2010, har ya zama talakan da noma bai riƙe shi ba ya koma haƙa. Duwatsun da ake haƙowa a wannan yanki suna ɗauke da dalma mai yawa tare da zinariyar, ana kawo su cikin gari, a farfasa, a niƙa a injin niƙa, wani lokaci a daka a turmi a tsakar gida, ƙurar ta sauka a ƙasar da yara suke rarrafe a kai suna kai hannu baki. Binciken da Cibiyar Hana Yaɗuwar Cututtuka ta Amurka ta yi tare da hukumomin Nijeriya a ƙauyuka biyu ya nuna cewa, daga cikin yara 463 'yan ƙasa da shekara biyar, 118 sun rasu a cikin shekara guda, wato ɗaya cikin huɗu. An ƙiyasta jimillar yaran da suka rasu a annobar da kimanin 400, ban da dubban da gubar ta shiga jikinsu suka rayu.

Babu mai hankalin da zai yi jayayya cewa an cutu. Abin tambaya shi ne, me kowane fanni yake iya gani daga wannan cuta, me kuma yake kuɓuce masa.

Mahangar likitanci

Tun zamanin Buƙuraɗu likitanci ya ɗauki nisantar cutar da majinyaci a matsayin farillarsa ta farko, kuma a wurinsa cutarwa ita ce lahani a jiki ko a hankali wanda ake iya gani ko aunawa. Falalar wannan ma'ana ita ce ba ta tambayar niyya ko laifi, dalma dalma ce ko uban yaro ne ya kawo ta gida da hannunsa yana neman abin da zai ciyar da shi. Sai dai tarihin dalmar kansa ya nuna cewa iyakar da likitoci suke cewa daga nan cuta ta fara ba ta taɓa tsayawa wuri ɗaya ba. A shekarun 1960 ana ganin sai dalma ta kai maikurogiram 60 a desilita guda ta jinin yaro kafin a damu; cibiyar nan ta Amurka ta saukar da ma'aunin zuwa 30 a 1975, zuwa 25 a 1985, zuwa 10 a 1991, zuwa 5 a 2012, sa'an nan zuwa 3.5 a 2021, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya a yau tana cewa ba a san wani gwargwado na dalma da za a kira marar illa ba.

Abin da ya kawo wannan sauka shi ne bincike irin wanda Herbert Needleman ya wallafa a 1979, inda ya auna dalmar da ke cikin haƙoran da suka zube na 'yan makaranta a jihar Masacusets, ya ga cewa waɗanda tasu ta fi yawa sun gaza takwarorinsu a gwajin basira da natsuwa a aji, alhali babu ɗayansu da aka kwantar a asibiti. Daga nan ne ma'anar cuta ta rabu biyu a cikin gidan likitanci kansa: akwai cutar da likitan asibiti yake gani a jikin yaro guda, akwai kuma wadda masanin lafiyar al'umma ba ya iya ganinta sai ya jera dubban yara ya kwatanta. Yaron Bagega, ɗaya daga garuruwan da annobar ta shafa, da bai yi jijjiga ba, amma ya tashi da raunin fahimta, lafiyayye ne a idon mahaifiyarsa, majinyaci ne a lissafin masu ƙididdiga.

Akwai kuma wani abu da Zamfara ta bayyana ƙarara. Maganin da ake bayarwa domin ya kama dalma ya fitar da ita ta fitsari, wanda akan fara shi idan awo ya kai 45, ba ya yin amfani idan yaro zai koma ya zauna a kan ƙasar da ta gurɓata. Saboda haka likitoci ba su iya fara jinyar yaran Bagega gaba ɗaya ba sai da aka kankare ƙasar garin aka zuba sabuwa, aikin da bai yiwu ba sai a 2013, bayan Gwamnatin Tarayya ta saki kuɗin da aka daɗe ana jira. Likita ya san cutar ya kuma san maganinta, amma gusar da ita yana hannun wasu.

Mahangar shari'ar kotu

Dokar diyyar ɓarna da kotunanmu suka gada daga Ingila tana tambayar wani abu dabam, wato wa za a ɗora wa biya. Domin a amsa wannan ba tare da zalunci ba, sai ta ƙuntata ma'anar cuta da sharuɗɗa: a sami wanda haƙƙin kiyayewa ya rataya a wuyansa, a tabbatar ya yi sakaci, a tabbatar sakacin nan shi ne sanadin lahanin, lahanin kuma ya zama irin wanda doka ta san da shi. Mashahuriyar shari'ar Donoghue da Stevenson ta shekarar 1932, wadda ta taso daga matar da ta ce ta sami ruɓaɓɓen dodon-koɗi a kwalbar abin sha a garin Fezili na Sikotlan, ita ce ta kafa cewa mai sana'anta kaya yana ɗauke da haƙƙin wanda zai yi amfani da su ko da babu ciniki tsakaninsu. Amma dokar nan tana yarda da cewa akwai asarar da ba ta da diyya, kamar yadda aka yanke a shari'ar Bradford da Pickles a 1895, inda mai fili ya tare ruwan da ke bi ta ƙarƙashin ƙasarsa zuwa madatsar gari, kotu ta ce ba ta da abin yi da mugun nufinsa tun da a cikin haƙƙinsa ya yi.

Idan aka ɗora waɗannan sharuɗɗa a kan Dareta, sai a ga yawancin cutar ta zube. Wa uwar mamaci za ta kai ƙara? Mijinta da ya kawo dutsen, ko maƙwabcin da injinsa ya tayar da ƙurar, ko dillalin da ya sayi zinariyar, ko hukumar da Dokar Ma'adinai ta 2007 ta ɗora wa sa ido? Wace ƙura ce, daga cikin ta gidaje ashirin, ta kashe wannan yaro? Kotunan Ingila sun ci karo da irin wannan matsala a shari'ar Fairchild ta 2002, game da ma'aikatan da suka shaƙi ƙurar asbestos a wurin iyayen gida dabam-dabam har suka kamu da sankara, sai alƙalai suka sassauta sharaɗin sanadi, suka ce ya isa a nuna cewa mutum ya ƙara haɗarin ƙari mai ƙima. Wannan sassauci kuwa yana da amfani ne inda akwai kamfani mai dukiya; inda mai ɓarna da wanda aka yi wa ɓarna suke ci a akushi ɗaya, ba shi da abin da zai kama.

Ban ga laifin kotu a kan wannan ƙunci ba, domin wanda zai ƙwaci dukiyar wani ko ya ɗaure shi wajibi ne ya tsananta wajen neman hujja. Laifin yana ga mai mulkin da zai fake da ƙuncin kotu ya ce tun da ba a kama kowa da laifi ba, babu abin da ya wajaba a kansa.

Mahangar tattalin arziki

A littafinsa na 1920 a kan tattalin arzikin jin daɗin jama'a, Arthur Pigou ya siffanta cutarwa da cewa ɗawainiya ce da mai sana'a yake jawowa amma wani ne yake ɗauka, ba ta shiga lissafin ribarsa, maganinta kuma shi ne haraji ko ƙa'idar da za ta mayar masa da ita. Da wannan ido, zinariyar Zamfara ta isa kasuwa da araha ne domin wani sashi na kuɗinta yara ne suka biya da jininsu. Bayan shekara arba'in, a 1960, Ronald Coase ya zo da misalin makiyayi da manomi, ya ce cuta tana da fuska biyu: idan an bar shanu su shiga gona an cuci manomi, idan an hana kiwo an cuci makiyayi, abin dubawa shi ne wace asara ta fi girma kuma wa zai iya kauce mata da mafi ƙarancin wahala.

Wannan magana tana da gaskiya wadda mai tausayi yakan so ya kau da kai daga gare ta. Wanda zai ce a haramta haƙa gaba ɗaya ya kamata ya sani cewa yunwa ma tana kashe yara, kuma sana'ar da aka haramta wa mabuƙaci takan koma ɓoye ne, inda babu mai ganin ƙurarta. Amma fannin yana da nasa makantar, domin ba ya iya auna abu sai ya mayar da shi kuɗi, kuma idan aka ƙimanta hankalin yaro da abin da zai samu in ya girma, to hankalin ɗan talaka zai fito da araha a kowane lissafi, wannan kuwa sakamako ne da lamiri ba ya karɓa.

Mahangar falsafar mulki

John Stuart Mill, a littafinsa na 1859 a kan 'yanci, ya sanya cutarwa ta zama iyakar ikon hukuma: ba a tilasta wa baligi mai hankali barin abu sai domin kare wasu daga cutarsa, abin da ya shafi kansa shi kaɗai kuwa nasa ne. Bisa wannan, mahaƙin da ya san haɗari ya shiga rami ba a da hurumin hana shi, amma ranar da ya shigo da dutsen tsakar gida hukunci ya sauya, tun da Mill da kansa ya fitar da yara daga wannan 'yanci ya ce kariya ce haƙƙinsu. Joel Feinberg, wanda ya rubuta mujalladi huɗu tsakanin 1984 da 1988 a kan iyakokin dokar laifuka, ya fassara cuta da cewa koma-baya ce ga maslahar mutum, ya kuma yi magana a wani wuri a kan haƙƙin yaro na a bar masa ƙofofin gaba a buɗe. Wannan ma'ana ta kama abin da asibiti da kotu suka rasa, wato yaron da bai mutu ba, bai yi ƙara ba, amma an rufe masa ƙofar karatu tun kafin ya san akwai ta. Raunin falsafar shi ne ta ginu bisa zaton mutum ya san haɗarin da ya zaɓa, alhali mutanen waɗannan ƙauyuka ba su san akwai dalma a dutsen ba sai da kaburbura suka yawaita.

Mahangar fiƙihu

Malaman fiƙihu sun gina babinsu a kan hadisin da ya hana cuta da cutarwa, wanda Imamu Malik ya kawo a Muwaɗɗa, Imamu Nawawi kuma ya sanya shi na 32 a cikin Arba'una. Daga gare shi aka ciro ƙa'idar wajabcin gusar da cuta, ɗaya daga manyan ƙa'idoji biyar da Imamu Suyuɗi, wanda ya rasu a 911 bayan Hijira, ya tattauna a littafinsa na Ashbahu wan Naza'ir. A ƙarƙashinta akwai rassa: ba a gusar da cuta da irinta, akan jure cutar da ta keɓanci mutum domin tunkuɗe wadda ta game jama'a, idan cuta biyu suka haɗu akan ɗauki mafi sauƙi, kuma tunkuɗe mafsada yana gaba da jawo maslaha. Abin da ake kiyayewa kuwa shi ne larurori biyar da Imamu Gazali ya jera, Imamu Shaɗibi ya faɗaɗa: addini, rai, hankali, zuriya da dukiya. Gubar dalma ta taɓa rai da hankali da zuriya a lokaci ɗaya, a kan neman dukiya, kuma tsarin fifikon da malamai suka yi bai bar shakka a kan wanda za a gabatar ba.

Abin da ya fi jan hankalina a wannan fanni shi ne ya raba abubuwa biyu da sauran fannoni sukan cakuɗa, wato lamunin ɓarna da gusar da cuta. A babin lamuni da diyya fiƙihu yana da tsanani kamar kowace kotu, yana bambance wanda ya aikata da hannunsa da wanda ya zama sababi, yana neman shaida. Hukuncin da ya zo a Muwaɗɗa game da taguwar Barra'u ɗan Azib da ta yi ɓarna a gonar wani, inda aka ɗora wa masu gona tsaro da rana, masu dabbobi kuma lamunin abin da suka ɓata da dare, rabon nauyi ne a kan mas'alar da Coase ya zo yana tattaunawa bayan ƙarni goma sha uku. Amma a babin gusarwa ba a jiran a sami mai laifi. Ibnur Rami, magini ɗan Tunis na ƙarni na takwas bayan Hijira, wanda alƙalai suke aikawa ya duba rigingimun maƙwabta, ya tattara a littafinsa na hukunce-hukuncen gini yadda malaman Malikiyya suka hana hayaƙin gidan wanka da na tanderu, da warin majema, da girgizar da ke illata bango, idan an ƙirƙiro su a tsakiyar gidajen mutane. Mai tanderu bai yi niyyar cutar kowa ba, sana'arsa kuma halal ce, duk da haka ana umartarsa ya kawar da cutar ko ya matsa. Wannan shi ne ainihin hukuncin injin niƙa dutse a cikin gari, kuma aikin muhtasibi ne da hakimi tun kafin kowa ya kai ƙara.

Sai dai adalci ya sa a faɗi iyakar wannan fanni shi ma. Hayaƙi ana ganinsa, wari ana jinsa, malamai sun hukunta cikakkiyar diyya ga wanda aka gusar wa hankali, amma raguwar basira a hankali a hankali, wadda ba ta bayyana sai bayan shekaru, babu shaidu biyu da za su tsaya su ce sun gan ta. A nan fiƙihu yana buƙatar ma'abota ƙwarewa, kamar yadda alƙalan Tunis suka buƙaci magini, kuma ma'abocin ƙwarewa a wannan zamani shi ne mai gwajin jini da mai awon ƙasa.

Kammalawa

Abin da ya fito daga wannan bita shi ne, saɓanin fannonin nan ba aibi ba ne matuƙar kowane ta'arifi ya tsaya a muhallinsa. Idan ana maganar hukunta mutum ko cin tararsa, a riƙi ma'ana mafi ƙunci, a tsananta hujja. Idan ana maganar rigakafi da gusarwa, a riƙi ma'ana mafi faɗi, wadda ta haɗa da cutar da ba ta bayyana ba tukuna, da wadda ba a san mai ita ba, da wadda ta faɗa kan wanda ba shi da bakin ƙara. Abin da ya yi amfani a Zamfara bai fito daga fanni ɗaya ba: an fitar da niƙa daga cikin gidaje, an kankare ƙasa, an yi wa yara magani, an kuma nemi koya wa mahaƙa hanyoyin aiki masu rage ƙura maimakon a raba su da abincinsu, sarakuna da malamai kuwa su ne suka isar da saƙon inda takardar hukuma ba ta kaiwa.

A shekarar 2015 irin wannan annoba ta sake bayyana a ƙaramar hukumar Rafi ta Jihar Neja, yara aƙalla 28 suka rasu, shekara biyar kacal bayan an san sababi an san magani. Saboda haka kirana ga jami'o'inmu shi ne su zaunar da ɗaliban likitanci da na shari'a da na tattalin arziki a kan irin waɗannan mas'aloli tare, ga hukumomi kuma su riƙa gwajin jinin yara da awon ƙasa a duk garin da ake sarrafa ma'adinai ba tare da jiran mace-mace ba, ga malamanmu na addini kuma su bayyana wa jama'a daga kan mumbari cewa niƙa dutsen zinariya a inda yara suke wasa cuta ce da shari'a ta wajabta gusarwa. Allah ne Mafi sani.